Zomo mai cin gashin jikinshi: laifin wa?

 

Yau maganar zomo za mu yi. Na san wani za shi ce malamin gona ya rasa abin faɗi: ga hatsi, ga wake, ga awaki, sai zomo? Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Cikin garuruwan da nike zagayawa, gidaje da yawa akwai zomo ɗaya ko biyu bayan ɗaki. Galibi na yaro ne, ko na uwargida. Da zomo yaro ke koyon kiwo tun kafin a ba shi akuya. In ya ga an kula da dabbarshi ta warke, ya koyi abin da za shi yi wa garke gobe. In ya ga an zuba mata guba ta mutu, shi ma haka za shi yi in ya girma.

Tambayar da anka fi yi mani ita ce: "Malam, zomona shina tsige gashinshi, shina cizon ƙafarshi har jini. Mi ya same shi?" Kafin in buɗe baki sai wani daga gefe shi ce: "Halinshi ne, a yanka shi a huta." Wani shi ce iska ne. Wani shi ce a shafe shi da baƙin mai.

Ni ban yarda da ko ɗaya ba. Dabba ba ta cin naman jikinta don daɗi. Zomon da ke cizon kanshi ƙara shike kawo maka. Ko ƙaiƙayi ya dame shi, ko wani wuri na yi mashi ciwo, ko cikinshi ya rasa haki, ko ɗakin da ka sa shi ya matse shi. Ka lura, huɗun nan duka a hannun mai kiwo suke. Don haka nike cewa, sau da yawa laifin namu ne.

Ba don na fi ka wayo nike faɗin haka ba. Shekarar da na kama aiki na sayo wa ƙanena zomaye biyu, mace da namiji. Bayan wata biyu macen ta shiga susar kunne, tana cizon ƙafafunta na gaba. Ni kuwa ina ganin na yi lise, na yi karatun gona, babu ƙwaron da ya gagare ni. Na ɗauko sauran maganin da munka fesa wa wake, na tsarma da ruwa, na jiƙa ta da shi. Da safe munka iske ta a sandare. Ƙanena ya yi kwana 3 bai ce mani uffan ba. Namijin na kai wa ma'aikacin kiwo. Ya leƙa kunnenshi, ya nuna mani ɓawon da ke ciki, ya yi mashi allura. Munka koma sau biyu, ya warke sarai. Tun ran nan na san maganin gona na gona ne.

Abin da ba ciwo ba ne

Kafin ka tada hankalinka, ka san akwai abu uku da lafiyayyen zomo ke yi.

Na fari, zomanya mai ciki. Cikinta kwana 31 ne, ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan. In haihuwa ta matso tana tsige gashin ƙirjinta da na cikinta, ta shimfiɗa wa ƴaƴanta, don tsirara ake haihuwarsu, ba gashi, ido rufe sai wajen kwana 10. Wannan ba ciwo ba ne. Ka ba ta akwati da busasshen haki ka ƙyale ta. Wani lokaci ma ba ta da ciki, jikinta ne ke ruɗinta, ta tsige gashi wajen kwana 16 zuwa 18 bayan an hau ta, ta yi sheƙa, ba ta haifi komi ba. Shi ma shina wucewa da kanshi.

Na biyu, za ka ga zomo ya lanƙwasa kai ƙarƙashin wutsiya kamar shina cizon kanshi. Kashinshi mai laushi shike ɗauka shi haɗiye. Haka Allah ya yi shi. Abincin na bi ta cikinshi sau biyu, kamar yadda akuya ke tuƙa. Kada ka hana shi.

Na uku, zomo na sake gashi lokaci zuwa lokaci. In gashi na zuba amma fatar ƙasa lafiya lau take, ba ja, ba ɓawo, sabon gashi na tsirowa, to babu komi.

Ka duba inda gashin ya zube

In ba ɗaya daga cikin ukun nan ba ne, ka ɗauki zomon da safe, lokacin da haske ya fito kuma zafi bai taso ba. Kada ka ɗaga shi da kunne. Hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ƙarƙashin gindi, ka manna shi ga jikinka. Ka hura gashin da baki don ka ga fata. Wurin da ciwon shike, shi za shi gaya maka sunan ciwon.

In cikin kunne ka ga ɓawo mai kauri kamar ƙanzo, zomo na girgiza kai, shina susa da ƙafar baya, ƙwarin kunne ne. Ƙanana ne ƙwarai, da ƙyar ido ke ganinsu. Kada ka ɓamɓare ɓawon, ɗanyen nama ne ƙarƙashi. In ƙwarin sunka mutu za shi faɗi da kanshi.

In fari-farin ɓawo ne a hanci, da leɓe, da gefen ido, da tsakanin yatsu, ƙazuwa ce. Ƙwaronta cikin fata shike haƙa rami, shi ya sa zomo ke cizon ƙafa har jini. Ita ta fi yawa a ƙasashen zafi irin tamu, kuma tana iya sa mai ɗaukar zomon ƙaiƙayi a hannu.

In bisa baya ne, amosani na zuba kamar dussa, wani ƙwaro ne da ke yawo cikin gashi. Ka duba kuma ko akwai ƙuma, musamman in akwai kare ko mussa cikin gidan.

In gashi ya zube kewaye kamar an ɗora kuɗin ƙarfe, da ɗan ɓawo, galibi a fuska ko kunne, ka yi zaton makero. Wannan yara na ɗauka daga zomo. Yaron da ya taɓa shi shi wanke hannu da sabuni kafin shi ci abinci ko shi taɓa kai.

In haɓa da wuya kullum jiƙe suke da miyau, gashin wurin ya zube, ka buɗe baki ka duba haƙora. Haƙoran zomo ba su daina tsiro har shi mutu. Na gaba na ƙaruwa da wajen milimetir 2 kowane sati. In bai samu abin tauna mai ƙarfi ba sai su yi tsawo, su karkace, su huda mashi harshe da kunci.

In tafin ƙafar baya ne ya saɓule ya yi gyambo, ka dubi daɓen ɗakinshi. Zomo ba shi da tsoka mai laushi ƙarƙashin ƙafa kamar kare, gashi kaɗai ke tare mashi. Tsayuwa bisa siririyar waya ta giriyaji, ko bisa ƙasa mai fitsari, ita ke cinye gashin nan.

In ƙarƙashin wutsiya ne ya jiƙe da zawo ko fitsari, kada ka kwana da shi haka, musamman da damana. Ƙuda na zuba ƙwai nan, kafin kwana ɗaya sun zama tsutsa, tsutsa ta shiga nama. Wannan na kashe zomo da sauri.

In kuwa a ƙeya ne, ko bisa kai, inda bakinshi ba ya kaiwa, to ba shi ke cin kanshi ba. Abokin zamanshi ne ke yi mashi aski. Ka raba su. Maza biyu daga sun kai wata 3 ba a haɗa su ɗaki ɗaya, faɗa za su yi.

In fata lafiya take, ka dubi kwano da ɗaki

Nan ne gardamata da mutane da yawa take. Mai zomo shi ce: "Ai ina ba shi abinci, dussa ba ta yanke mashi ba, har sauran tuwo nike ba shi." To, nan ɓarnar take. Cikin zomo don haki anka yi shi. In ka cika shi da dussa da tsaba, ya ƙoshi cikin ɗan lokaci, sannan shi zauna yini guda baki ba aiki. Sai shi kama gashin jikinshi ko na ɗan'uwanshi. Kuma zomo ba ya amai. Gashin da ya haɗiye, haki ne ke tura shi waje. In babu haki sai hanji shi tsaya, shi daina ci, kashinshi shi ƙanƙance, shi ɗauke. Zomon da ya yini ya kwana bai ci ba, bai yi kashi ba, shina bakin mutuwa.

Ka ba shi busasshen haki dare da rana, tuli kamar girman jikinshi kowace rana. Ka haɗa da harawar wake ko ta gujiya, da gadagi in ka samu. Ganyen dankali da na zogala suna da kyau, amma sabon ganye kaɗan-kaɗan ake fara shi don gudun zawo. Ka rataye abincin kada shi taka shi. Dussa kuwa ɗan cikin hannu ta isa. Ka jefa mashi karan dawa busasshe ko reshen zogala shi yi ta gwaguya. Ka tsare shi daga tumfafiya, da zurma, da hakin bakin gonar da anka fesa.

Sai ruwa. Har yau akwai masu cewa zomo ba ya shan ruwa, wai raɓa ta ishe shi. Wannan magana ta kashe zomaye da yawa. Zomo mai kilo 2 na iya shan kwatan litir a yini, mai shayarwa kuwa ta fi haka nesa. Ka sa mashi ruwa mai tsabta cikin kasko mai nauyi wanda ba za shi kifar ba.

Sai zafi da matsi. Zomon gida ba ɗan'uwan zomon dajinmu ba ne na kusa. Asalinshi daga wajen ƙasar Ispaniya ne da kudancin Faransa, inda kakanninshi ke kwana cikin rami mai sanyi. Ba ya gumi, da kunnuwa shike fidda zafi. Daga zafi ya wuce digiri 30 ya fara wahala, in ya wuce 35 shina iya mutuwa. Kai ka san watan Afirilu da Mayu a Tawa, ko Maraɗi, ko Damagaram, cikin inuwa ma ana wuce 40. Ka tuna da wannan in ka ga zomo cikin rabin tano, ko akwatin kwano, an aje shi tsakar gida. Kai in an kulle ka cikin rumbu da bazara, ba abin yi, ba wurin miƙe ƙafa, mi za ka yi?

Ɗakin zomo ɗaya kada shi gaza metir 1 a tsawo, santimetir 60 a faɗi, da tsayin da za shi iya miƙewa bisa ƙafafun baya kunne bai taɓa rufi ba. Wanda ya fi haka ya fi kyau. Ka aje shi ƙarƙashin icce ko rumfar zana, inda iska ke ratsawa. Da bazara ka jiƙa buhun gara ka shimfiɗa bisa rufin. Ka sa mashi fasasshen tulu ko akwati shi riƙa ɓuya, don dabbar rami ce, in ba ta da maɓoya kullum cikin tsoro take. In daɓen waya ne, ka ɗora katako inda za shi huta. Ka share kashi da fitsari kullum, taki ne mai kyau ga garka. Da marece, in ana iya tsare shi daga kare da shaho, a sake shi shi yi tsalle cikin gida.

Abin da ba a sa wa zomo

Zomo na lasar jikinshi kullum. Duk abin da ka shafa ga fatarshi, ka san cikinshi ka zuba. Baƙin mai na mota, kalanzir, ruwan batir, maganin fesa wake ko albasa, garin da ake zuba wa iri: babu ɗaya da ke zuwa jikin zomo.

Kai da ka fito ajin yaƙi da jahilci, ga inda karatunka za shi yi maka rana. Ka karanta takardar da ke jikin butali. In ka ga an rubuta FIPRONIL, ka aje shi. Ana sa wa kare shi don ƙuma da kaska, amma zomo kashe shi shike yi. Haka kuma kafso na masu tallar magani. Irin su amokisilin da ampisilin, in anka ba zomo ta baki, suna kashe ƙwayoyin kirki da ke narka mashi haki cikin hanji, zawo shi kama shi, shi mutu. Abin da ya warkar da kai ko kazarka ba lalle shi warkar da zomo ba.

Kada kuma ka bari wanda bai iya ba shi soka mashi allura a cinya kamar akuya. Akwai babbar jijiya nan. In allura ta taɓa ta, ƙafa ta mutu, zomo shi dinga cin yatsunshi da kanshi. Kada ka tsoma shi cikin ruwa don wanka, tsoro da sanyi na iya kashe shi. Wurin da ya ɓaci kaɗai ake gogewa.

Maganin da ke aiki

Gyambo, ka wanke shi da tafasasshen ruwa da ya huce, rabin litir da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri. Ka tsane shi, ka tsare shi daga ƙuda. In akwai tsutsa ka tsince su duka, ka nemi ma'aikacin kiwo ran nan.

Ƙwarin kunne da ƙazuwa suna da magani tabbatacce, sunanshi ibermektin, ana rubuta shi IVERMECTINE. Tun 1981 ake yi wa dabbobi aiki da shi, shi ne wanda ake yi wa shanu da tumaki. Ƙarƙashin fata ake yin allurar. Ba ta kashe ƙwan ƙwaron, don haka sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14, sau biyu ko uku. Mutane da yawa na yin ta fari, su ga sauƙi, su bari. Bayan wata guda ciwo ya dawo, su ce magani bai da kyau. Ka rubuta ranar cikin kayenka, da ranar komawa. A yi wa dukan zomayen da ke tare, har waɗanda ba su nuna ba. Ka ƙone tsohuwar shimfiɗa, ka wanke ɗakin, ka shanya shi a rana, don ƙwarin kunne na iya kai sati 3 da rai ba bisa dabba ba. Makero kuwa ba ya jin wannan allura, maganinshi daban ne. Shi ya sa sai an duba kafin a soka. In kuma zomon na yanka ne, ka tambayi kwana nawa za a jira bayan allura kafin a ci naman.

Na san abin da za ka ce: likitan dabbobi na nesa, kuma butalin magani ya fi zomon tsada. Gaskiyarka. Amma zomo mai kilo 2, rabonshi daga ruwan allurar shanu bai kai kashi 1 cikin 10 na mililitir ba, wajen ɗigo biyu ke nan. Butali guda mai mililitir 50 ya ishi zomaye ɗaruruwa. Ƙanƙantar nan ce ta sa ba a yin ta da ka, sai wanda ya iya awo. Ita ce kuma ta sa abin ba shi da tsada in kun haɗa kai. Masu zomaye na gari su shirya, ranar da ma'aikacin kiwo ya zo rigakafin bisashe ko ranar kasuwa, a kawo su gaba ɗaya, kowane cikin kwandonshi. Kafin ranar, in kunne ne, ka ɗiga mashi man gujiya mai tsabta, ɗigo 3 ko 4, bayan kowane kwana 2 ko 3, har sati 3. Shina tausasa ɓawo, shina shaƙe ƙwarin. Dabarar jira ce, ba ta kai allura ba, kuma ba ta isa ga ƙazuwar da ke cikin fata.

In cizon ya zama jiki

Akwai zomon da ko an kashe ƙwari, gyambo ya warke, ba ya barin cizon wurin, don ya saba. Nan ma duka da tsawa ba su da amfani, tsoro ke ƙara abin. Ka ƙara haki, ka ƙara fili, ka sake mashi abin gwaguya, ka sa ɗakinshi inda shike ganin wani zomo ko da ba su haɗu ba. Ka hana yara yawan ɗaukarshi. Ka yanke mashi farce in sun yi tsawo. Wasu na sa mashi kwali a wuya don bakinshi kada shi kai ga gyambo. In ya zama tilas a yi, na ƴan kwanaki kaɗai, ana cirewa kullum shi ci kashin nan nashi mai laushi, shi gyara jikinshi kana kallo. Ka ba shi sati 4 zuwa 6 kana rubuta abin da ka gani. In ka yi duk wannan bai bari ba, kada ka bar shi shi yi barbara, don akwai zuri'ar da abin ke bin jini.

Ɗan'uwa, ban ce kowane zomo za shi warke ba. Na ce kada ka yanke mashi hukunci kafin ka duba. Gobe da safe ka kira yaron da ke da zomon, ku duba tare: kunne, hanci, haƙora, yatsu, tafin ƙafa, ƙarƙashin wutsiya. Sannan ku dubi kwanon ruwa, da haki, da inuwa. Ka bar shi shi yi da hannunshi, kai kana nuna mashi. In kun ga abin da ya shige maku duhu, ku rubuto mana, ko ku tare ni ranar da na zo garinku.

Allah shi ba mu lafiya, mu da bisashenmu.

Naku, malamin gona.